Na Karɓi Rigar Bikin Unguwa a Japan, Yanzu Na Rasa Yadda Zan Yi

Assalamu alaikum Hajiya. Ni magidanci ne ɗan shekara 37, ina zaune a wani ƙaramin gari a lardin Saitama na ƙasar Japan tare da matata da ɗanmu mai shekara 8. Shekarata shida ke nan a ƙasar, ina aiki a wani kamfani mai fitar da tsofaffin motoci zuwa ƙasashen waje. Shugaban ƙungiyar unguwarmu dattijo ne da ya haura shekara 70, kuma tun ranar da muka tare ya riƙe mu kamar 'ya'yansa. Shi ya koya mana ranakun fitar da shara da yadda ake rarrabe ta, shi ya raka matata makaranta lokacin da za a sa yaron aji ɗaya, kuma daren da aka yi mahaukaciyar guguwa ya zo da kansa ya duba lafiyarmu. Makonni biyu da suka wuce ya kawo mini wata gajeriyar riga mai rubutu a baya, ya ce suna so in shiga cikin masu ɗaukar mikoshi, wani ƙaramin ɗakin katako da ake zagaya unguwa da shi a kafaɗa, a bikin kaka na watan Oktoba, domin matasa sun yi ƙaranci a unguwar. Kunya ta kama ni, na karɓa na yi godiya. Daga baya ne na ji cewa abin da ake ɗauka yana da alaƙa da bautarsu. Wani abokina a masallaci ya ce shirka ce tsantsa, in mayar da rigar in kuma fice daga ƙungiyar baki ɗaya. Wani ɗan gida da muke aiki tare ya ce al'ada ce kawai kamar hawan sallah, kuma idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya sai ka nemi taka ka ɗaura. Matata ta ce in yi shiru, idan ranar ta zo in ce ba ni da lafiya. Ɗana kuwa kullum maganarsa mikoshin yara, domin duk 'yan ajinsu za su shiga. Saura mako biyar. Ba na so in saɓa wa Allah, kuma ba na so in kunyata wanda ya yi mini alheri. Ina neman shawararki.

Wani ɗan'uwa daga Saitama

Wa'alaikumus salam, ɗana. Abubuwa biyu ne suke jan zuciyarka a wannan wasiƙa, tsoron Allah da sanin darajar alheri, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zan so ka rasa. Kuskuren da ka yi ƙarami ne, wato amsawa kafin ka gane abin da aka nema daga gare ka, kuma duk wanda ya taɓa zama baƙo a ƙasar da bai gama jin harshenta ba ya san yadda kunya take riga hankali buɗe baki. Mako biyar sun isa a gyara wannan lamari, matuƙar ka fara a cikin wannan makon.

Mu fara da shi kansa mikoshi, domin masu ba ka shawara biyu kowannensu ya kama gefe ɗaya ne na gaskiya. Mikoshi ƙaramin ɗaki ne na katako da aka ƙawata da fenti mai sheƙi da ruwan zinariya, sau da yawa da siffar tsuntsu a ƙololuwar rufinsa, an ɗora shi a kan dogayen gungume da mutane suke sa wa kafaɗa. A addinin Shinto, wato addinin gargajiya na Japanawa, kafin a fito da shi jagoran bauta da suke kira kannushi yakan yi wata hidima ta mayar da abin bautar unguwa, wanda suke kira kami, daga ɗakin bauta zuwa cikin mikoshin. Bayan haka ne ake zagayawa da shi lungu-lungu ana girgiza shi ana kirarin "wasshoi", da niyyar ya sa wa unguwa albarka, sannan a mayar da shi mazauninsa. A bikin Sanja da ake yi a Asakusa cikin birnin Tokiyo kowane watan Mayu, manyan mikoshi uku na ɗakin bautar kowannensu yakan kai kusan tan guda, ban da kimanin ɗari na unguwanni. A yawancin wurare ana yi wa masu ɗaukar wani tsarki na addini kafin su ɗaga, a wasu kuma a ba su kurɓin giyar shinkafa da aka riga aka miƙa wa abin bautar. Saboda haka kwatancen da abokin aikinka ya yi da hawan sallah bai zauna ba, domin a hawan sallah sarki ne a kan doki ana yi masa jafi, babu wanda ya ce an ɗauko abin bauta. Inda ya yi gaskiya shi ne, Japanawa da yawa da suke ɗaukar mikoshi ba sa tunanin aƙida ko kaɗan, suna ganinsa a matsayin hidimar unguwa da gadon iyaye, kuma ina da yaƙinin dattijonka bai zo da niyyar jan ka zuwa addininsa ba, tun da Shinto ba addinin wa'azi ba ne. Sai dai rashin damuwar masu ɗauka bai sauya ma'anar da masu hidimar suka ba abin ba.

Ra'ayina ke nan a fili: ƙin da zuciyarka take yi yana da tushe, kuma ba zan ba ka shawarar ka sa kafaɗarka a ƙarƙashin wannan gungume ba. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, don haka ka kai maganar gaban malamin da ya daɗe a Japan ya san abin da idonsa, ko limamin masallacinku ko na ɗaya daga cikin manyan masallatan Tokiyo irin su Tokyo Camii da masallacin Otsuka, waɗanda ba su yi maka nisa daga Saitama ba. Idan ka je, kada ka tambaye shi hukuncin biki a dunƙule. Ka rarraba masa abin dalla-dalla, ɗaukar mikoshi daban, kafa rumfa daban, raba ruwa daban, kuɗin gudummawa daban, domin amsar kowanne tana iya bambanta da ta ɗan'uwansa.

Shawarar ficewa daga ƙungiyar unguwa kuwa ban yarda da ita ba, duk da na san abokinka kishin addini ne ya sa shi faɗar ta. Wannan ƙungiya da suke kira conaikai ko jicikai, biki kaɗan ne daga cikin aikinta. Ita take kula da wurin tara shara, ita take zagaya da allon sanarwa gida-gida, ita take shirya atisayen girgizar ƙasa da sintirin tsare yara a hanyar makaranta. A girgizar ƙasar da ta auka wa birnin Kobe ranar 17 ga Janairun 1995, wadda ta kashe mutum fiye da 6,400, mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai daga ƙarƙashin ɓaraguzai dangi da maƙwabta ne suka ciro su kafin jami'an ceto su iso. Mutumin da yake zaune da mata da ƙaramin yaro a irin wannan ƙasa bai kamata ya yanke igiyar da ta haɗa shi da maƙwabtansa ba. Addininmu ma bai sharɗanta Musulunci kafin a ba maƙwabci haƙƙinsa ba, kuma ka san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Ta fuskar doka babu mai iya tilasta maka, domin sashe na 20 na kundin tsarin mulkin Japan da ya fara aiki a 1947 ya hana a tilasta wa kowa shiga hidimar addini ko bikinsa, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 2005 cewa zama ɗan irin wannan ƙungiya ganin dama ne. Na faɗa maka wannan ne don hankalinka ya kwanta, amma ka bar shi a aljihunka, kada ka kai wa dattijon da ya zo duba ka cikin guguwa maganar doka.

Yana da kyau ka fahimci abin da ya kawo shi ƙofarka da wannan riga. Yawan mutanen Japan ya kai ƙololuwarsa wajen shekarar 2008 da kimanin miliyan 128, daga nan yake ta raguwa, kuma a yau kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65 ko sun wuce. Ƙananan garuruwa sun fi jin abin a jika, matasa sun tafi manyan birane, an bar tsofaffi da gungumen da ba za su iya ɗagawa ba. A watan Fabrairun 2024 aka yi bikin Sominsai na haikalin Kokuseki a lardin Iwate karo na ƙarshe, bayan an ce ya shafe sama da shekara dubu ana yin sa, kuma dalilin da masu shi suka bayar shi ne tsufan masu hidimar da rashin magada. Dattijonka yana jin irin waɗannan labarai, yana kuma tsoron kada bikin unguwarsu ya mutu a hannunsa. Da ya duba ya ga ƙaƙƙarfan magidanci mai gaisuwa da fitar da shara a kan ƙa'ida, sai ya miƙa maka rigar da ake kira happi, wadda a wurinsu alama ce ta cewa an daina ƙirga ka a cikin baƙi. Girmamawa ce babba, kuma ya kamata ya ji daga bakinka cewa ka gane haka. Abin da yake nema a zahiri hannu ne a aikin gayya, kuma aikin gayyar biki ya fi ɗaukar mikoshi faɗi nesa ba kusa ba.

Ka je wurinsa da kanka cikin kwanakin nan, domin zuwa da kai ya fi saƙo, kuma kada ka yi wannan magana ta waya ko a gaban jama'a wurin taron ƙungiya. Ka riƙe ƙaramin kwalin kayan zaƙi kamar yadda suke yi idan za su ziyarci mutum, ka ninke rigar tsaf ka tafi da ita. Idan Japanancinka bai kai na zance mai laushi ba, ka nemi wanda ya ƙware ya raka ka, ko ka rubuta abin da za ka faɗa a takarda a duba maka. Gaggawar tana da dalili: masu shirya biki suna ƙirga kafaɗu tun da wuri, suna tsara wanda zai karɓi wani idan ya gaji, suna yin odar abinci, suna neman izinin 'yan sanda na bin titi. A wurin Bajapane, a ce masa a'a saura mako biyar abu ne mai sauƙin ɗauka, amma a janye ana gobe biki ko a ƙi zuwa ba labari, wannan tabo ne da yake daɗewa bai goge ba. Ka fara da godiya a kan rigar da kuma duk abin da ya yi muku. Sai ka ba shi haƙuri cewa ka amsa kafin ka fahimta, laifin naka ne. Sannan ka ce saboda dalilin addini, wato "shukyo-jo no riyu de", ba za ka iya ɗaukar mikoshi ko shiga hidimar ɗakin bauta ba. Wannan jimla sananniya ce a wurinsu kuma ba kasafai ake bin ta da tambayoyi ba. Kada ka shiga dogon bayanin tauhidi sai idan shi ya nema, kuma kada kalmar gunki ko makamanciyarta ta fito daga bakinka ko bakin tafintanka. Kafin shiru ya ratsa tsakaninku, ka ɗora da cewa kana so a ba ka wani aikin, kuma ka ambaci aikin da sunansa don ya san da gaske kake.

Ayyukan suna da yawa. Akwai kafa rumfuna da jera tebura da kujeru da sassafe, akwai tsayawa a mahaɗar titi don tsare yara da tsofaffi daga motoci, akwai raba ruwa da shayin sha'ir mai sanyi, akwai kwashe shara da naɗe rumfuna bayan an watse, wanda shi ne aikin da kowa yake gudu kuma wanda ba a manta mai yin sa. Gaskiya ce zan faɗa maka, za ka iya samun malamin da zai ga ko waɗannan ma taimako ne ga hidimar da ba ta Musulunci ba, za ka kuma iya samun wanda zai ga tsare ran yaro a titi da share unguwa alheri ne ga maƙwabta. Idan malamin da ka amince da shi ya ƙuntata, ko zuciyarka ba ta natsu ba, to ka mayar da ƙarfinka kan ayyukan ƙungiyar da ba su shafi biki ba, ka zama na farko a ranar sharar unguwa da atisayen girgizar ƙasa da sintirin makaranta, ka kuma gaya wa dattijon haka tun yanzu. Game da rigar, ka tambaye shi abin da aka rubuta a bayanta. Sau da yawa sunan unguwa ne ko kalmar biki kawai, wani lokaci kuma tambarin ɗakin bauta ne. Idan na farkon ne kuma za ka yi aikin taimako, ka tambaye shi ko zai so ka sa ta, domin masu taimako ma suna sawa, idan na biyun ne sai ka mayar da hannu biyu.

Maganar kuɗi da ci da sha gajeriya ce. Ka tambaya ko a cikin kuɗin ƙungiya da kake biya akwai kason ɗakin bauta, domin wasu unguwanni suna raba su, kuma idan an zo karɓar gudummawar biki kana iya cewa taka a sayi ruwa ko alewar yara da ita. Bayan biki akwai walimar da suke kira naorai, wadda asalinta cin abin da aka miƙa wa abin bauta ne, kuma giya ba ta rasa wurin. Ya ishe ka ka leƙa ka yi musu sannu da aiki, "otsukaresama deshita", ka wuce gida. A rumfunan abinci ka kula da soyayyar taliyar yakisoba da miyar tonjiru, domin naman alade ake sa musu, haka nan miyoyi da yawa suna da mirin, wanda giyar girki ce.

Ka gaida mini uwargida, ka ce mata na fahimci abin da take gudu. Ita ce take haɗuwa da matan unguwa a wurin shara da ƙofar makaranta, kuma tana tsoron a fara kallonku a matsayin gidan da ya ƙi jama'a. Amma ciwon ƙarya na shekara ɗaya ne, biki kuwa kowace kaka sai ya dawo, kuma baɗi za a sake kawo rigar. Dattijon da ya fito cikin guguwa ya duba ku, idan ya ji ba ka da lafiya zai iya zuwa gaishe ka da 'ya'yan itace a hannu, sai ka rasa inda za ka sa fuskarka. Ku zauna ku daidaita bakinku a kan jimla ɗaya da za ku riƙa faɗa, domin ita ma matan ƙungiyar yara za su tambaye ta.

Wanda ya fi damuna a wasiƙarka shi ne yaron. Shekara takwas lokaci ne da babu abin da ya fi zafi kamar a ga kowa a layi ban da kai, balle ga yaron da kamanninsa da sunansa sun riga sun bambanta shi da 'yan ajinsu. Mikoshin yara iri-iri ne, akwai wanda ake yi wa hidimar addini kamar na manya, akwai wanda ganga ce ta katako ko kwali da yara suka ƙawata ba tare da an kai shi ɗakin bauta ba, don haka ka tambayi dattijon irin naku, ka haɗa da amsar cikin abin da za ka kai wa malam. A nawa ganin, yaro ba ya rarrabe waɗannan, abin da zai gani shi ne Baba ya ƙi ɗauka amma shi an bar shi, saboda haka ya fi sauƙi ku tsaya a matsayi ɗaya. Idan za ka hana shi, ka zaunar da shi tun yanzu ka yi masa bayani da harshen da ba za ka ji kunya ba idan ya maimaita shi a aji, domin zai maimaita. Ka ce masa maƙwabtanmu mutanen kirki ne, suna da hanyar bautarsu, mu ma muna da tamu, kuma mu Allah kaɗai muke bauta wa. Kada ka kulle shi a gida ranar yana jin ganga ta taga. Ka ba shi aiki kusa da kai, ya riƙe maka jakar shara ko ya miƙa kofuna idan wannan kuka zaɓa, ka sa masa 'yan kuɗi a aljihu ya sayi kankararriyar ƙanƙara mai zaƙi ya yi wasan kamun ƙananan kifaye tare da abokansa. Japan tana kuma da bukukuwan da ba su da alaƙa da bauta, irin su bikin mazauna gari da hukumomin birane suke shiryawa da wasannin tartsatsin wuta na bazara, har da bikin dusar ƙanƙara na Sapporo da ɗaliban makaranta suka fara a 1950. Ka kai shi waɗanda za ka iya. Idan Sallah ta zo kuma ka girmama ta a idonsa, a yi ɗinki, a yi tuwo da miyar taushe da cincin, ya gayyaci abokansa biyu ko uku, a kai wa dattijon nasa kwanon, don yaron ya ga shi ma yana da bikin da yake gayyatar mutane.

Mai yiwuwa ne fuskar dattijon ta ɗan sauya lokacin da ka gaya masa, domin ya riga ya ƙirga da kai, wataƙila ma ya yi alfahari da kai a gaban 'yan kwamitinsa. Kada wannan ya sa ka janye maganarka ko ka fara kauce masa a hanya. Ka ci gaba da gaishe shi kamar kullum, ka bar masa lokaci. Kafin ka tashi daga gabansa ranar, ka tambaye shi ƙarfe nawa ake fara aikin da ya ba ka, ka rubuta a gabansa, kuma idan ranar ta zo ka isa wurin minti goma kafin lokacin, da safar hannunka ta aiki.